Ranar da Baƙa Ta Ɓace Daga Garejin Yayana

Kwaɗon yana nan a kulle, ƙofar gareji ko ƙwarzane babu, amma motar ba ta ciki. Abin da yayana ya tarar ke nan da safe. Da ƙafarsa ya taka ofishin 'yan sanda ya kai rahoto, don shi mutum ne da ya yarda gaskiya tana tsare mai ita. Suka tambaye shi wa ke riƙe da makulli, ya ce shi. Suka ce to ya cire agogonsa ya wuce bayan kanta.

Yayana bugun jikin mota yake yi, a layin masu gyara Guduma ake ce masa. Ni ƙanwarsa ce, tela, shagona yana bakin layin, saboda haka duk abin da aka faɗa a kansa ranar a kunnena aka faɗa. Mai walda, wanda kullum a kofin yayana yake shan shayi, ya ce dama ya lura kwanan nan Guduma ya cika shiru. Mai faci ya ce irin wannan mota ba a ɗaukarta sai an riga an sami mai saye. Mai fenti kuwa ya ce shi bai ce komai ba, amma ruwa ba ya tsami banza. Kafin rana ta take tsaka sun gama shari'a, sun koma bakin aikinsu.

Ba ɗaurin ne ya fi tsorata ni ba. A sana'ar yayana, mutum ne zai kawo maka motarsa, ya miƙa maka makulli, ya juya ya tafi wata da watanni, ba abin da ya riƙe sai sunanka. Ran da aka yarda mota ta ɓace a hannunka da saninka, sai ka sayar da gudumarka ka nemi wata sana'ar, shi kuwa yayana ba shi da wata.

Motar ba irin wadda ake gani a titi ba ce. Tsohuwa ce tukuf, ta girme ni, doguwa mai zagayayyun fitilu, ta wani dattijo da ya rasu. A gidansu Baƙa suke ce mata saboda launinta. Autan gidan ne ta faɗo a rabonsa, shi ya sa aka jawo ta da igiya zuwa garejin, kaji sun gama ƙwai a kujerar baya. Ya ce a yanke rufin, a sauke ta ƙasa-ƙasa, a sake mata jiki gaba ɗaya. Yayana ya ce rufin nan lafiyarsa ƙalau, a bar shi. Auta ya tambaye shi motar wa ce a cikinsu. Aka yanke.

Daga nan kuma aikin ya shiga ran yayana. Da hannu ya buga mata sabon jiki, falle bayan falle, bayanta ya tsuke kamar na kwalekwale, aka fesa mata ja mai duhu, makanike kuma ya tashi injin. Ban san mota ba, amma na san ɗinki, na san aikin da za ka bi da yatsa ka kasa gano inda aka haɗa. A rayuwarsa bai taɓa yin aikin da ya kai wannan ba, shi ma ya sani.

* * *

Da na ga babu mai tsaya masa, sai na je na ɗauko Mai Sawu. Tsoho ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bin sawun shanun sata, da gwiwa ta gaza ya dawo gari yana bin na awaki da babura. Ba shi da fara'a, ba shi da gaggawa, kuma ba ya duban fuskar mutum sai ya gama duban ƙafarsa.

“'Yar nan, an tattake wurin?”

“Rabin layi sun shiga kallo, Baba.”

“To me kika kira ni in gani, sawun 'yan kallo?”

Ya dai biyo ni yana mita. Allah ya taimake mu da abu ɗaya: yayana ya kewaye inda motar take da igiya don kada a taɓa masa sabon fenti, 'yan kallo kuma suka tsaya a bayan igiyar. A ciki ƙasa ta sha farar ƙurar guga, mai laushi kamar gari. Mai Sawu ya dogara sandarsa ya daɗe yana kallo, har na fara tunanin barci ya ɗauke shi a tsaye.

“Ba turawa aka yi ba,” ya ce. “Mai tura mota yatsunsa suna tona ƙasa, nan babu. Ga kuma baƙin hayaƙi a bango inda salansar motar ta hura. Tayar da ita aka yi aka tuƙa, kuma mutum ɗaya ne. Zo ki ga wani abu.”

Daidai inda ƙofar direba take, ga sawun takalmi biyu a jere, kai da kai, hancinsu yana duban motar, kamar yadda ake ajiye su a bakin ɗaki. A gabansu kaɗan ga sawun ƙafa ɗaya ba takalmi, yatsu biyar a fili.

“Ya cire ne don kada a ji tafiyarsa,” na ce.

“Mai tsoron a ji tafiyarsa tun a waje yake cirewa. Wannan da takalminsa ya tako daga ƙofa, sai da ya zo shiga mota ya tsaya ya cire, ya jera su, ya shiga, ya sunkuyo ya ɗauke. Sannan ya tayar da injin da ke ƙara kamar na niƙa. Wane irin mai sanɗa ne wannan?”

“To me ya sa ya cire?”

“Da na sani ai da na faɗa miki.”

Ya sa na kifa daron wankin kayan inji a kan sawun, na ɗora tsohon batir a kai. Muka bi siraran tayoyin daga ƙofa, suka ratsa bayan layi, suka hau kwalta. A nan Mai Sawu ya tsaya ya yi tsaki, ya ce kwalta ba ta riƙe magana. Muka juyo.

* * *

An bar mu mun ga yayana ta tsakanin ƙarafa. Ya zauna a ƙasa da rigar aikinsa, idanunsa sun yi ja. Mai Sawu ya tambaye shi ko akwai wani makulli ban da na aljihunsa.

“Akwai, Baba. A cikin tsohuwar taya nake sa shi, gefen ƙofa. Na faɗa musu, suka ce kowa haka yake faɗa.”

“Wa ya san da shi?”

“Duk mai yawan zuwa. Ban taɓa ɓoyewa ba.”

“Mai motar fa, me ya ce?”

Ni na amsa, don ina wurin lokacin da Auta ya zo ofishin yana share ido da hankici. Cewa ya yi shi bai zargi kowa ba, Allah ya sani, sai dai makulli a hannun Guduma yake. Irin maganar nan da ake yanka mutum da ita a ce ba a riƙe wuƙa ba.

Za mu tafi yayana ya kira ni. Na zaci saƙo zai ba ni zuwa ga matarsa da yara.

“In an gan ta, don Allah kada a bar ta a rana. Fentin bai gama kamawa ba.”

Na ji kamar in zura hannu in shaƙe shi. Mutum yana kwana a kan siminti, abin da ya dame shi fenti. Na fita, sai a waje na yi kukana.

* * *

Wanda na fara zargi shi ne Shugaba. Akwai wata ƙungiya ta masu tsofaffin motoci, irin mutanen da ke wuni suna goge fitila da tsumma mai laushi matansu suna tsaye a tashar bas, shi ne babbansu. Ya taɓa zuwa garejin ya ga aikin, ya ce a gaban mutane da yana da iko da ya ƙone ta ya huta.

Mun same shi a rumfar gidansa, tsakanin motoci uku da aka lulluɓe da tamfol. Ko kujera bai nuna mana ba.

“Na faɗa, kuma zan sake faɗa,” ya ce. “Abin da yayanki ya yi wa motar nan, da mutum aka yi wa, da tuni an rataye shi. Ki ɗauki kakarki ki aske mata kai, ki sa mata gajeren wando, ki ce kin yi mata gata? Irin wannan mota ba taka ba ce, riƙo aka ba ka. Ko noti ɗaya ba a canza mata. Yadda ta fito daga hannun waɗanda suka ƙera ta, haka za ka miƙa wa na bayanka.”

“Ranka ya daɗe, lokacin da kaji suke ƙwai a cikinta, ina ƙungiyarku take?”

“Gara ta ruɓe da mutuncinta.”

“Ai ba a ruɓewa da mutunci, wari ake yi.”

Mai Sawu ya taɓa ni da sanda na yi shiru. Shi duk wannan lokacin ƙafafun Shugaba yake kallo. Sun kumbura sumtum, ta hagu a naɗe da bandeji, a kan matashi.

“Yaushe rabonka da tuƙi, Yallaɓai?”

“Tun da wannan ciwon ya kama ni. Motocina ma kallonsu kawai nake yi. In ɓarawo kuke nema kun yi ɓatan kai, ni ba na satar gawa. Shi yaron mai motar ya kawo mana hotunanta yana washe baki, wai mu sa ta a jerin gwanon ƙungiya. Muka yi masa dariya har ya tattara hotunansa ya fita. Ku je ku tambayi wansa. Shi ya zo nan yana rantsuwa sai ya raba motar ubansa da hannun mahauta.”

A hanya Mai Sawu ya ce wannan ƙafar ko a buhu ba za ta shiga sawun da muka rufe ba. Na ji haushi, don na so a ce shi ne.

* * *

Wan Auta, babban ɗan gidan, malamin makaranta ne, Malam ake ce masa, siriri mai furfura a gefen kai, yana zaune da mahaifiyarsu a gidan marigayi. A bakin ƙofa ya tare mu ya rage murya.

“Don Allah ku kula da bakinku a gaban Mama. Ita fenti kawai ta sani an kai a yi, baƙi a kan baƙi. Ba ta san an taɓa jikinta ba. Hawan jini gare ta.”

“Gaskiya ne ka je garejin ka yi barazana?” Mai Sawu ya tambaya.

“Na je, na zagi Guduma, na zagi ƙanena. In yau aka maimaita zan sake.”

Tsohuwar tana zaune a kan gado, 'yar ƙarama, fes da ita. Ta yi mana sannu, ta ce ta ji an kama mai gyaran, Allah ya tona asirin azzalumi. Mai Sawu ya zauna a ƙasa, ya tambaye ta yadda marigayi ya riƙe motar, sai ka ce zuwa ya yi hira.

“Riƙo? Hm. Ni da na haifa masa 'ya'ya, ban taɓa shiga Baƙa da takalmi ba. Za ka tsaya a bakin ƙofa, ka cire, ka jera su, ka shiga ka zauna, sannan ka sunkuyo ka ɗauka ka sa a ƙarƙashin kujera. Ko likita ya rage wa hanya sai ya cire. Shi kansa ba takalmi yake tuƙi, wai don ya ji numfashin inji a tafin ƙafarsa. Yaran nan sun sha ranƙwashi a kai har ya zame musu jiki, ko da gudu suka zo sai sun tsaya sun cire.”

Ban san lokacin da na juya na zuba wa Malam ido ba. Mai Sawu kuwa ko motsi bai yi ba.

“Abin da ya fi ci mini rai,” tsohuwar ta ci gaba, “ranar nan zan je in gan ta. Na gaji da gobe-goben Auta, kullum fenti bai bushe ba. Na ce masa ko ya kai ni ko bai kai ni ba, da safe zan hau tasi in je da kaina. Na shirya tsaf, har na ɗaura ɗankwali, sai ga shi ya shigo yana kuka wai an sace.”

Muna fitowa tsakar gida na tare Malam.

“Kai ne. Ka ɗauke motar ubanka, ka bar yayana yana kwana da sauro.”

Ya yi wata dariya marar daɗi.

“Ni? Baiwar Allah, ban iya tuƙi ba. Tun ina ƙarami ni ke wanke ta kowace safiya kafin in tafi makaranta, ni ke goge fitilu, ni ke duba ruwa. Sau ɗaya na goga mata bokiti a ƙofa, daga ranar ya rantse ba zan riƙe sitiyarinta ba, bai kuwa karya rantsuwar ba har ya mutu. Auta ya ɗora a cinya ya koya masa. Ni mai wanki ne, shi ne ɗa.”

Na dubi Mai Sawu.

“Na ga ƙafarsa a ɗakin,” ya ce. “Shimfiɗaɗɗiya ce. Waccan tana da rami a tsaka.”

Malam ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi wace ƙafa muke magana. Mai Sawu ya faɗa masa abin da ke ƙarƙashin daro. Na ga fuskar mutumin ta canza, kuma abin da na gani a cikinta ba baƙin ciki ba ne. Ya daɗe yana jiran ranar da shi ma zai zama ɗan kirki a gidan.

* * *

Washegari Sufeton 'yan sanda ya yarda ya kawo yayana garejin, bayan Mai Sawu ya yi masa bayani a keɓe. Aka kira Auta aka ce an sami labari. Shugaba ya ji, ya sa aka kawo shi da kujerarsa, don irinsa ba a yin taro babu su. Na so a bar ƙofa a buɗe duk layin su ji, Sufeto ya ce a rufe.

Auta ya shigo da farin takalmi da baƙin tabarau, matashi mai kyan tsari, irin wanda bai taɓa fasa abu a gida an ce shi ya fasa ba. Ya gaida kowa, ya tsallake yayana.

Ana shirin farawa aka buga ƙofa. Malam ne, riƙe da hannun mahaifiyarsu. Shi da ya ce mu kula da hawan jininta, shi ya hau tasi ya kawo ta. Auta ya cire tabarau.

“Yaya, me ya kawo Mama nan?”

“Motar mijinta ce. Ta ji da kunnenta.”

Mai Sawu ya sa aka ɗage batir da daro. Bai yi dogon jawabi ba. Ya ce wanda ya ɗauki motar ya san inda makulli yake, ya iya tayar da ita, shi kaɗai ya zo, kuma da ya isa ƙofar direba ya tsaya ya cire takalmi ya jera su. Ya ce Guduma da takalmin aiki yake shiga kowace mota, Yallaɓai Shugaba ba ya iya taka ƙasa, Malam bai iya tuƙi ba.

“Ɓarawo ba ya yi wa mota ladabi,” ya ce. “Wannan tarbiyya ce, ƙafa ta yi abin da ta saba, mai ita ko sani bai yi ba. Ɗana, cire takalminka ka taka a gefen wannan.”

“Wannan wane irin cin mutunci ne? Motata aka sace, ni kuma za a tuhuma? Yallaɓai Sufeto, ka ga abin da tsohon nan yake yi?”

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, duk mun ga yadda gumi ya keto wa Auta. Tsohuwar ta saki hannun Malam, ta taka har bakin igiya, ta sunkuya ta daɗe tana kallon sawun takalman nan biyu a jere.

“Auta, cire takalminka.”

Bai cire ba. Ya durƙusa a cikin ƙurar da farin wandonsa ya fashe da kuka. Ya ce tana nan lafiya, a rumbun wani abokinsa ya kulle ta. Ya ce bai yi nufin a kama kowa ba, so yake kawai ya sami lokaci. Ya ce tun ran da 'yan ƙungiya suka yi masa dariya ya san ya yi ɓarna, ya rasa yadda zai bari Mama ta gani.

“Ta ga me?” in ji tsohuwar.

Shugaba ne ya gyara murya, ya faɗa mata dalla-dalla, da jin daɗi: an yanke rufi, an sauke ta, an jefar da tsohon jikin, an shafe ta da ja.

Na jira ta juya kan ɗanta. Wallahi na jira, har na fara tausaya masa. Sai ta juya ta nemi yayana da ido.

“Kai ne ka yanke ta?”

“Ni ne, Mama. Sa ni aka yi. Na ce a bar rufin.”

“Shi yaro ne. Kai da furfurarka, in yaro ya ce ka yanke kan mutum sai ka yanke?”

Shugaba ya gyaɗa kai kamar an karanta abin da ke ransa. Auta yana ƙasa yana shessheka, uwar ta ɗora masa hannu a ka, ta ce ya isa, ya tashi kada ya ɓata kayansa. Malam ya tsaya a gefe yana kallon wannan hannun, ya kawo ta don ta ga halin ɗanta, ta gani, ba abin da ya canza. An bar jaki ana dukan taiki, a gabana, kuma taikin ɗan uwana ne.

Sufeto ya ce tunda mai mota ne ya ɗauki motarsa, ba sata a nan, Guduma ya je ya karɓi agogonsa. Maganar ƙarya a ofis kuwa, in iyali sun nemi sulhu, shi ba ya son jan zance.

“Abu ɗaya nake roƙo,” yayana ya ce. “A buɗe ƙofar nan, ya faɗa da bakinsa mutanen layi su ji.”

Malam ne ya amsa, shi da ya fi kowa son a tona. Ya ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, a rufa wa juna asiri saboda tsohuwa, za su ce an tsinci motar an yar a bayan gari. Na ce ban yarda ba, na ɗaga murya. Ba wanda ya ko dube ni. Suka fita a jere, Auta yana riƙe da hannun uwarsa, kuma a cikinsu babu wanda ya ce wa yayana yi haƙuri.

Na kama hannun rigar Mai Sawu na ce shi ya faɗa, za a yarda da shi.

“'Yar nan, ni sawu aka ce in bi, na kuwa kai ki inda ya tsaya. Zan faɗa wa duk wanda ya tambaye ni. Ki zuba ido ki ga ko akwai mai tambaya.”

* * *

Ba wanda ya tambaye shi. Ni na bi layin shago-shago ina faɗa, har muryata ta dushe. Mai walda ya ce ai ƙanwarsa ce, me ake so ta ce? Mai faci ya ce a ina aka taɓa jin mutum ya saci motarsa? Labarin da ya zauna shi ne asiri ya kusa tonuwa, Guduma ya sa aka yar da ita, masu mota kuma mutanen kirki ne suka yafe.

Masu motoci suka fara zuwa ɗaya-ɗaya. Wannan ya ce tafiya ta taso masa, wancan ya ce ƙaninsa ya sami wani mai gyara kusa da gida. Wata motar ma ba a gama bugun ƙofarta ba aka ja ta da igiya. Yayana yana taya su turawa, yana yi musu Allah ya kiyaye hanya. Garejin ya zama fili, sai shi da gudumominsa a jere a bango.

Ana nan wata safiya na hango babbar mota ta tsaya a ƙofarsa, an ɗoro Baƙa a baya, ja tana ƙyalli. Na bar ɗinki na ruga. Malam ne ya rako ta da saƙon mahaifiyarsu: wanda ya ɓata shi zai gyara. A cire wannan jikin, a mayar da rufi, a mayar da ita baƙa yadda mijinta ya bar ta. Sun zagaya, babu wani mai hannun da zai iya sai shi.

“Yaya, ka ce su kwashe tsiyarsu,” na ce. “Wallahi in ka karɓa ban san me zan yi maka ba.”

Ya dubi garejin, ya dubi motar.

“Yara za su ci abinci,” ya ce. “A sauke ta a inuwa.”

Da suka tafi ya zagaya ta sau ɗaya yana bin gefenta da tafin hannu, tun daga fitila har inda bayan ya tsuke. Sannan ya ɗauko kurfin yankan ƙarfe da babbar guduma, ya laluba da yatsa yana neman inda ya haɗa fallen farko. Ya daɗe yana nema, shi kansa da ƙyar ya gano wurin. Ya kafa kurfin a kan jan fentin, ya tsaya, bai waiwayo ba.

“Je ki shagonki,” ya ce. “Ba na son a kalle ni.”

Na fita na ja masa ƙofa. Ban kai bakin layi ba na ji bugun farko.